Na samu mai shirya biki a Instagram, in tura mata arbun (kuɗin kafin alƙalami) ko in bar wa gwaggo?

Yayar Amarya (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema da gaggawa, domin matar ta ba ni zuwa Alhamis. Ƙanwata za a kai ɗaki bayan Babbar Salla, kuma tunda mahaifiyarmu ta rasu komai a wuyana yake. Istiraha, wato wurin da ake haya don yin biki, an riga an kama a unguwar Harazat, kawunmu ne ya biya, wannan ba matsala ba ce. Abin da ya rage shi ne kosha (wurin zaman amarya da ake ƙawatawa), kwalliyar amarya, mai hoto mace, masu zuba gahawa, da abincin mata kamar 150. Na ga wata a Instagram mai mabiya sama da dubu 40, ta ce za ta haɗa duka a riyal 14,000, in tura rabi yanzu. Hotunan aikinta sun yi kyau ƙwarai, tana kuma jin Hausa, amma ba ta da shago, ta ce daga gida take aiki. Gwaggonmu kuma ta ce in bar mata, za ta tattaro matan da suka saba yi mana tun muna unguwar Sabil. Sai dai ita ba ruwanta da kosha ko mai hoto, amarya kuma abin zamani take so. Duka kuɗin hannuna 18,000 ne. Wadda ta taɓa ba irin waɗannan matan aiki, don Allah yaya aka ƙare?

Abu Fahad Direba:
Allah ya sanya alheri. Hajiya ki nemi istiraha ta wajen Bahra, sun fi sauƙi, kuma 'yan Makka ba za su sha wahalar zuwa ba. Ranar Talata ko Laraba za ki samu a 1,500, Alhamis da Juma'a ne suke ninkawa.

Maman Hanan:
14,000 da abinci da komai? 'Yar uwa wannan ya yi araha da yawa, araha kuwa ba ta ado. Bikin 'yata bara kosha kaɗai 5,000 na biya, mai hoto 3,500.

'Yar Misfala:
Anti wace irin kosha ce ta 5,000, da zinariya aka yi ta? Mu a nan Makka 1,200 aka kafa ta ƙawata, har da fitilu da kujerar amarya. Mai hoto 800. Ni a ganina ma 14,000 ɗin ta yi yawa.

Maman Hanan:
Furen roba daban, fure mai rai daban. Ki tambayi kuɗin fure mai rai a lokacin zafi sannan ki dawo.

Malam na Madina:
Kafin a yi maganar kosha, shin an yi gwajin jini? Tun 2004 aka wajabta wa 'yan ƙasa gwajin kafin aure saboda sikila da makamantanta, daga baya aka ƙara da ciwon hanta da ƙanjamau. Mu kuma sikila ta yi yawa a cikinmu, amma sai a yi ta hidimar lefe a manta da wannan. Ko ba a tilasta muku ba ku je ku yi.

Ummu Sultan:
Ƙanwata kada ki tura ko halala ɗaya. Ni na san abin da nake faɗa, kuma har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina.

Bikin babbar 'yata ne. Ita ma wadda na samu haka take, mabiya dubbai, hotuna kamar a gidan sarauta, labule fari har ƙasa, fure ta ko'ina. Ga bakinta kamar me. Kullum da safe sai ta turo min murya a WhatsApp, "Mama kin tashi lafiya, Mama kada ki damu, 'yarki 'yata ce." Muka shirya a 12,000, na tura 6,000. Sunan da ke kan asusun na namiji ne, ta ce na ƙanin mijinta ne, ita katinta ya samu matsala. Ana saura mako guda ta ce kuɗin rago ya tashi, in ƙara 2,000 don kada a rage faranti, na ƙara.

Ranar biki tun bayan la'asar nake kira ba a ɗauka. Sai bayan isha'i ga wasu samari biyu a motar ɗaukar kaya, suka sauke wata doguwar kujera da aka lulluɓe da farin yadi, gefe guda ya yage har soso ya leƙo, da tukwane huɗu na furen roba duk ƙura. Wai kosha ke nan. Mai hoto ba ta zo ba sam. Abinci an yi alkawarin faranti takwas na mandi, sai ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo uku na shinkafar bukhari da kaji, ta yi sanyi har mai ya daskare a kai. Dangin ango sun cika bas tun daga Madina, tsofaffi suna zaune suna kallona. Ɗan kunnena na cire na ba ɗana ya kai wa wata maƙwabciya jingina, aka bi gidajen abinci da tsakar dare ana sayo broast, wato soyayyar kaza, a leda. 'Yata tana ɗaki tana kuka, kwalli ya zubo mata har haɓa.

Washegari matar ta toshe ni ko'ina. Bayan wata guda 'yar ƙanwata ta ga shafin ya canza suna, hotunan kuma su ne dai. Ashe na wani zauren biki ne na Kuwait ta kwaso. Kuɗin bai dame ni kamar gorin ba. Har yau in 'yata ta samu saɓani da dangin miji sai an ce mata "ke da aka ci broast a bikinki."

'Yar Misfala:
Innalillahi. Mama Allah ya saka miki. Wallahi hawaye nake.

Hajiya Mai Waina:
Allah ya isar miki. Ni ma an yi min a anko. Na ga leshi a shafin wata mai cewa daga Kantin Kwari take aikowa, muka haɗa kuɗin mutum 30, da kago ya iso kala daban ne, kuma yadi huɗu-huɗu maimakon biyar. Cinikin biri a sama ke nan.

Mai Kosha ta Safa:
Mama na tausaya miki, amma a yi adalci. Ni wannan sana'ar nake yi, kuma a Instagram da Snapchat nake samun masu ba ni aiki. Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Arbun dole ne, domin ni ma sai na kama motar ɗauko kaya, na biya yaran da za su kafa, na sayi fure. Sau nawa amarya ke fasawa ana gobe biki, ta bar ni da furen da zai bushe kafin jibi? Rabi dai ya yi yawa, ni kashi ɗaya cikin uku nake karɓa. Yayar Amarya, ki ce ta gaya miki inda za ta yi aiki wannan makon, ki je ki gani da idonki tana kafawa. Mai gaskiya ba za ta ƙi ba.

Ummu Sultan:
'Yata ke mai sayarwa ce, dole ki faɗi haka. Shawarar mai kaya ba ita ake nema a nan ba.

Mai Kosha ta Safa:
To wa ya fi ni sanin yadda ake cutar, Mama? Ban ce ta ba ni aikin ba, ban ma saka lambata ba.

Baffa daga Kano:
14,000 riyal a naira ai miliyoyi ne. A nan da wannan kuɗin za a yi kamu, a yi dina, a yi jere, har a rage na gara. Ku dawo da bikin gida mana.

Maman Hanan:
Baffa, kuɗin tikitin mutum 150 kai za ka biya? Ka bari waɗanda ke zaune a nan su yi magana.

Abu Fahad Direba:
Ni dai a ɗaura aure a masallaci, a raba dabino da gahawa, a miƙa wa ango 18,000 ya rage kuɗin haya. Amma in har za a gasa sire a gaya min ranar, zan zo ko babu kati, har in kwaso mata kyauta.

Ɗalibi a Jami'a:
Yaya ga abin da za ki iya yi yau kina zaune. Ki ɗauki hotunanta uku ki saka a Google Lens, in na sata ne za ki ga inda suka fito. Ki buɗe bayanan shafin a Instagram, yana nuna lokacin da aka buɗe shi da ko an sha canza masa suna. Ki duba masu yin tsokaci, in duk "mashallah" ne da hoton zuciya babu wadda ta ce na gode da aikin bikina, to mabiyan saye aka yi. Sannan ki tambaye ta rajistar kasuwanci, ko takardar aikin kai in 'yar ƙasa ce, kuma sunan da ke takardar ya zama shi ne a asusun da za ki tura kuɗi. Ku rubuta komai, faranti nawa, rago ko kaza, ƙarfe nawa za a kafa kosha. In an cuce ki akwai manhajar Balagh Tijari ta Ma'aikatar Kasuwanci, ko ki kira 1900. Kuma kada tallan wata shahararriya ya ruɗe ki, biyanta aka yi, shi ya sa ma tun 2022 aka ce sai da lasisin Mawthooq za su yi talla.

Ummu Sultan:
Yaro ka iya lissafi, amma ka taɓa aurar da wani? Matanmu nawa ne masu dafa abincin biki suke da rajista? In aka bi taka, mai gaskiya da ɓarauniya duk za su faɗi jarrabawar tare. Kuma wadda igamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ko mijinta ke rigima da kafili mai ɗaukar nauyin zamansa, ita ce za ta ɗauki ƙafa ta kai ƙara? Sun san haka sarai, shi ya sa mu suke nema.

Ɗalibi a Jami'a:
Gaskiya ne Mama. Amma duba hoto ba ya buƙatar igama.

Inna 'Yar Karantina:
Jikata ce ke rubuta min. 'Yata, ki riƙe gwaggonki. Da can wa yake neman mai abinci a waya? In za a yi biki a unguwa, tun ana saura kwana uku tukwane sun fito lungu. Wance ita ce mai waina, wance mai alkaki da dubulan, wance ita ke yi wa amarya dilka da lalle, masu kiɗan mata kuma kowa ya san ƙofarsu. Ba mai cin kuɗinki ta gudu, don gobe za ku haɗu a wajen mai burodin tamis, kuma 'yarta ma tana nan tafe. Tunda aka yi rusau a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, aka tashi unguwannin Ghulail da Petromin da Sabil da Kandara da tamu Karantina, kowa ya kama gabansa. Wasu Bahra, wasu Makka, wasu sun koma Najeriya da Nijar. Yanzu sai ki ba wadda ba ki san uwarta ba dubbai. In gwaggonki har tana da lambobin waɗancan matan, dukiya ce a hannunta. Ki ba ta abinci da gahawa, kosha da hoto ki nema daban, ki biya bayan an kafa.

'Yar Misfala:
Inna abincin tsofaffi akwai daɗi, amma lokaci fa? Bikin da na je wancan watan sai ɗaya na dare aka zuba, yara duk sun yi barci.

Maman Hanan:
A bikin Jidda ɗaya na dare ai da wuri ne. Amarya ma ba ta fito ba a lokacin.

Yayar Amarya (Jidda):
Na gode ƙwarai. An yi gwajin jini, Malam. Na saka hotunan a Google, biyu ban ga komai ba, ɗaya ya fito a wani shafi, ta ce tsohon shafinta ne. Da na ce ina son zuwa in ga aikinta, ta ce masu bikin wannan makon ba sa son baƙuwa, amma ta rage arbun zuwa 4,000. Ga amarya tun jiya ba ta min magana saboda na ambaci gwaggo. Kaina ya kulle.

Hajiya Mai Waina:
Ko wa za ki ba, ki tambaya ko da mai karɓar waya a ƙofa cikin kuɗin. Wannan ya fi kosha muhimmanci. Bikin 'yar maƙwabciyata mata sun cire abaya suna rawa, hankali kwance tunda ba namiji, kafin asuba bidiyon yana TikTok an ɗora masa waƙa. Wata matar aure da ta fito a ciki sai da ta yi wata biyu a gidan iyayenta kafin aka sasanta.

Mai Kosha ta Safa:
Wannan kam ya zama annoba. Mai karɓar waya 300 zuwa 400 ce a dare, tana saka kowace a jaka da lamba. Amma 'yan mata waya biyu suke zuwa da ita, su miƙa tsohuwa, sabuwa tana cikin jakar kayan jariri.

'Yar Misfala:
150 muka biya tamu. Kuma ba 'yan mata kaɗai ba ne, manyan mata ne ke cewa za su nuna wa 'yan uwa na Kano ta kiran bidiyo, su bi zaure da waya a sama, can kuma maza na zaune a falo suna kallo.

Ɗalibi a Jami'a:
Dokar laifukan intanet ta 2007 ta hana wannan. Keta sirrin mutum da kyamarar waya hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000.

Hajiya Mai Waina:
Wace ce za ta kai ƙanwar mijinta kotu? Ƙanwar ango ce fa ta ɗora na bikin da nake faɗa. Da aka yi mata magana cewa ta yi ai ba ta saka sunan kowa ba. Uwar ango kuma ta rantse ba mai taɓa wayar danginta a ƙofa, wai an mai da su ɓarayi. Ku da kuka yi biki kwanan nan, yaya kuka yi da dangin ango a kan wannan? Nawa bikin yana nan tafe a Rajab, kuma surukar tawa ta fi waccan zafi.