Faifan sabar na ɓacewa duk bayan awa ɗaya da rabi: in cire kwamfutocin daga domen in sake shigarwa?

Sabon_Admin: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutoci 14 a ofishinmu, duk kan domen ɗaya (tsarin da sabar ke kula da shiga da saitin kwamfutocin ofis daga wuri guda), sabar tamu Windows Server 2019 ce. Faifan Z: (wurin ajiya na kan sabar) da ma'aikata ke ajiye aiki a ciki yana ɓacewa duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mutum na tsakar aiki a Excel sai fayil ya ƙi ajiyuwa, can an jima faifan ya dawo da kansa. Intanet lafiya lau, ping (gwajin ko kwamfuta na isa ga sabar) ma ba ya yankewa. Oga ya ba ni zuwa Litinin. Ina tunanin ranar Asabar in cire su duka daga domen in sake shigar da su. In yi ko in dakata?

Mai_Kebul: Wa alaikumus salam. Canja kebul ɗin sabar, ka duba suwic.

Sabon_Admin: Malam, ai na ce ping ba ya yankewa.

Dogo_IT: Duba DNS tukuna, wato abin da ke fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta. In an sa wa kwamfutocin 8.8.8.8 (DNS ɗin Google) ko adireshin rauta, ba za su riƙa ganin sabar domen yadda ya kamata ba. Adireshin sabar za ka sa.

Tsohon_Hannu: Ɗan'uwa, don Allah kada ka cire su. Ni na taɓa yi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kwana biyu cur ina cirewa ina mayarwa. Da na zo kan kwamfutar akanta, na fitar da ita daga domen, ashe babu wanda ya san kalmar sirrin admin ɗin cikinta. Na kulle kaina a waje, ga albashi ana jira. Takardar tuhuma aka ba ni a gaban yaran da nake koya wa aiki. Kuma ka san mene ne ciwon? Ɗan batirin agogon sabar ne ya mutu, duk aka ɗauke wuta sai lokaci ya karkace. Kerberos kuwa, wato tsarin tantance masu shiga domen, ba ya yarda saɓanin agogo ya wuce minti 5. Gwada w32tm /query /status kafin ka taɓa komai.

Mai_Kebul: Allah ya kiyaye gaba. Amma na Sabon_Admin ai autodisconnect ne, Windows na sallamar wanda ya yi minti 15 bai taɓa komai ba. Ya buga net config server /autodisconnect:-1, shi ke nan.

Dogo_IT: Ɗazu ka ce kebul. Kuma wancan ba ya yanke mai buɗaɗɗen fayil. Ni tikitin Kerberos nake zargi, wato izinin shiga da yake ba mutum na ɗan lokaci.

Tsohon_Hannu: Tikitin awa 10 yake yi, ina ruwansa da awa ɗaya da rabi?

Hajiya_Sisko: Babu wanda ya kula da lokacin da Sabon_Admin ya faɗa. Group Policy, wato dokokin saiti da sabar ke tura wa kwamfutocin domen, na sabunta kansa duk minti 90, da ƙarin da bai wuce minti 30 ba. In an haɗa faifan ta nan aka zaɓi Replace, duk sabuntawa sai ya goge faifan ya sake haɗawa. Mayar da shi Update. Don ka tabbatar, buɗe fayil a Z: ka buga gpupdate /force ka ga ko zai yanke.

Mai_Kebul: Hajiya, wannan karatun satifiket ne. Mu shekara 12 muna jan waya a silin.

Hajiya_Sisko: Jan waya daban, domen daban, Malam. A ofishinmu na gyara irinsa da hannuna.

Ɗan_Baiwa: Jama'a, an kashe an kunna kuwa? 😂

Sabon_Admin: Na gode Hajiya. Na buɗe Group Policy ɗin, amma dokoki sun fi 20 a ciki, sunayensu gwaji1, gwaji2, sabo, sabo_na_gaske. Wanda na gada bai bar ko layi ɗaya a rubuce ba, kuma ba ya ɗaga waya.

Tsohon_Hannu: Wannan ita ce babbar cutarmu. Ni wanda na gada da kalmar sirrin rauta ya tafi, sai da na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, na sake saita komai cikin dare.

Dogo_IT: Wani lokacin ba laifinsu ba ne. Mutum ya yi wata uku yana bin haƙƙinsa, sannan a ce ya zauna ya rubuta takardar miƙa aiki?

Hajiya_Sisko: Haƙƙinsa na wuyan oga, amma kalmar sirri amana ce. Wanda ya zo bayansa me ya yi masa?