Annoba ta ɓarke, lokaci ya ƙure: ina kuke samo binciken da za a dogara da shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tun ɓullar mashaƙo a Kano a ƙarshen 2022 ake ta maimaita tambaya ɗaya a ɗakunan jinya: idan ana son hujja kafin zagayen duba marasa lafiya na safe, daga ina ake fara nema? Don Allah kowa ya kawo abin da ya gwada ya ga amfaninsa.

Jami'in sa ido kan cututtuka: Wa alaikumus salam. Kada a fara da mujallu. A makonnin farko ba a kai ga buga komai kan annobar ba, domin tantance takarda kan ci watanni. A buɗe rahoton halin da ake ciki na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, sai shafin Disease Outbreak News na WHO, Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ƙa'idojin jinya. Na mashaƙo, WHO ta fitar da nata a Fabrairun 2024. Manazartar da ke ƙarshen irin wannan ƙa'ida masana sun riga sun tace ta, daga nan za a ɗora.

Ma'aikaciyar laburaren likitanci: Haka ne, Malam. Idan an zo PubMed kuma, wato rumbun neman takardun binciken likitanci a intanet, nan ake asarar lokaci. Wanda ya rubuta diphtheria (sunan mashaƙo a Turance) kaɗai zai ga dubban takardu, da yawansu kan dafin ƙwayar cutar da ake gwaji da shi a jikin ɓeraye, babu ruwansu da yaron da ke kwance. A ɗaure kalmar da taken takarda da taƙaitawarta ta hanyar ƙara [tiab], kamar haka: diphtheria[tiab] AND antitoxin[tiab]. Sunan garinmu ma tarko ne. Kano sunan iyali ne a Japan, saboda haka sai marubutan can su cika shafi. A rubuta Kano[tiab], ko Kano[ad], mai duba adireshin wurin aikin marubuta, idan ana neman aikin da ya fito daga Asibitin Malam Aminu Kano ko Jami'ar Bayero. Sannan PubMed na jera sakamako bisa Best Match. A lokacin annoba a mayar da shi Most recent. A kula da sauyin suna: WHO ta mayar da sunan monkeypox (ƙyandar biri) mpox a Nuwambar 2022, dole a haɗa sunayen biyu da OR, in ba haka ba rabin aikin ya wuce ka. Da zarar kalmomin sun zauna, a danna Create alert, sabbin takardu su riƙa zuwa ta imel.

Malamin jami'a: Hajiya, ƙari kaɗan. Mujallunmu na gida da dama ba sa cikin PubMed, sai a AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet. Idan takarda ta nemi kuɗi, a duba PubMed Central, inda ake karanta takardu kyauta, ko a sa Unpaywall a burauza, mai nemo kwafin kyauta idan akwai. A tambayi laburare ko suna da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun kuɗi. Duk abin da aka samu a sauke shi cikin Zotero, manhajar adana takardun bincike, tun sabis na da ƙarfi.

Likitar yara: Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake turawa zaurukan WhatsApp ba a duba ba. Takardun medRxiv, shafin da ake sa bincike kafin mujalla ta buga shi, suna fitowa da wuri, amma ba a tantance su ba, kuma shafin da kansa ya ce kada a gina jinya a kansu. Wanda aka tantance ɗin ma ba a rufe ido: binciken maganin hydroxychloroquine kan COVID-19 da mujallar Lancet ta buga a Mayun 2020 an janye shi a watan Yuni. Kafin ka tura, duba ko akwai alamar janyewa, marasa lafiya nawa aka bincika, a wace ƙasa, kuma akwai rukunin da aka kwatanta da su? Zotero na sa jan gargaɗi a kan takardar da aka janye. A turo mahaɗin takardar kanta tare da shekararta, hoton allo ba ya nuna ko an gyara ta daga baya.