Macijin ɗakin ajiyar Inna: gargaɗi ko taɓarya?

Rabi: Salamu alaikum. Jiya da magariba Inna ta ga baƙin maciji ya shige bayan buhunan masara a ɗakin ajiya. Sani ya ɗauko taɓarya, Kawu Ilu ya hana, wai macijin gida ba a kashe shi sai an yi masa gargaɗi, don ta yiwu aljani ne. Mun rufe ƙofa, mun cusa tsumma a ƙasanta. Babu wanda ya runtsa.

Kawu Ilu: Cire "wai" ɗin nan, Rabi. Hadisin Abu Sa'idul Khudri ne, yana cikin Muslim. Wani ango a Madina, lokacin yaƙin Khandaƙ, ya dawo gida ya tarar da maciji a nannaɗe kan shimfiɗa, ya soke shi da mashi. Har yau ba a san wa ya riga mutuwa ba, shi ko macijin. Manzon Allah (SAW) ya ce a yi gargaɗi kwana uku.

Malam Bashir: Allah ya ƙara girma, Kawu, hadisin ingantacce ne. Sai dai cewa aka yi a Madina akwai aljanun da suka musulunta. Shi ya sa wasu malamai suka taƙaita hukuncin ga Madina, wasu suka ce ko'ina ne. Saɓani ne tsoho. Kuma an togace iri biyu, mai zane biyu a gadon baya da mai guntun wutsiya, su kisa ne kawai.

Sani: To wa zai leƙa ya auna masa wutsiya, Malam?

Anti Hauwa: Rabi, da Inna ta gan shi, ya fasa kai?

Rabi: Ya fasa, Anti. Har ya miƙe.

Anti Hauwa: To da alama gamsheƙa ce. Ni ba na bayan Kawu, ba na bayan Sani. Kwana uku da gamsheƙa a gidan da yara ke kwana kan tabarma ganganci ne, don da dare take fita, kuma an san ta da saran mai barci. Kai kuma Sani, kafin taɓaryarka ta sauka ta tofa maka dafi a ido daga nesa. A shekarun da na yi ina jinya a yankin Kaltungo na ga waɗanda maciji ya sara da yawa, wasu daga gona kububuwa ta same su, wasu kuwa jarumtar kisa ce ta kawo su. A kira mai kama maciji. In ta tofa wa wani, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take. In sara ne, ban da ɗauri, ban da tsaga, ban da baƙin dutse, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi.

Sani: In na watsa kananzir fa? Ko tafarnuwa?

Anti Hauwa: Ka ɓata wa Inna masara a banza. Ɓeraye ta biyo. Ku ɗaga buhunan kan katako, ku toshe ramin da ke bayan randa.

Kawu Ilu: Ni dai na yi mata gargaɗin farko tun asuba, daga bayan ƙofa.

Rabi: Inna da yara sun koma gidan Yaya. Mai kama macijin zai zo bayan la'asar.

Kawu Ilu: Ku ce masa ya fitar da ita da rai.

Sani: Za a gaya masa, Kawu. Taɓaryar dai na bar ta a bakin ƙofa.