Likita ya rubuta Child-Pugh B, maki 8, a katin mahaifina: mene ne ma'anarsa?

Ɗan Jahun ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Jahun. Bayan kakar bara idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya fara tasowa, muka ɗauka shawara ce, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, muka kai shi asibiti a Dutse, aka yi gwajin jini da hoton ciki, aka ce ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe a jikinsa har hantar ta yi tauri. A katinsa an rubuta Child-Pugh B, maki 8. A takardar gwaji kuma na ga bilirubin 41, albumin 30, INR 1.5. Shin wannan B ɗin shi ne na nau'in cutar? Kuma maki 8 abin tsoro ne? Ni ne babba a gida, kowa ni yake tambaya.

Likita daga Wudil ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. B biyu ne suka haɗu maka a takarda ɗaya, kuma babu abin da ya haɗa su. Na farko sunan ƙwayar cutar ne, na biyu kuwa aji ne a ma'aunin da ke nuna yawan aikin da hanta take iya yi har yanzu. Likitocin tiyata biyu a Amurka, Child da Turcotte, suka fito da shi a 1964 domin sanin wanda zai iya jure aikin tiyata, sannan Pugh da abokan aikinsa a Ingila suka gyara shi a 1973.

Abubuwa biyar ake dubawa, kowanne a ba shi maki 1, 2 ko 3, gwargwadon tsananinsa. Bilirubin shi ne sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa; ƙasa da 34 maki 1 ne, daga 34 zuwa 50 maki 2, don haka Baba yana da 2. Albumin furotin ne da hanta kaɗai ke sarrafawa, wanda yake riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Sama da 35 maki 1 ne, daga 28 zuwa 35 maki 2, nan ma 2. INR yana auna saurin daskarewar jini, kuma tunda nasa bai kai 1.7 ba, maki 1 ne. Sauran biyun ba a ɗakin gwaji ake samunsu ba: ruwan ciki, wanda nake zaton an ba shi 2, da ruɗewar hankali, wadda babu ita, wato 1. Ka ga inda 8 ta fito.

Maki 5 zuwa 6 aji A ne, 7 zuwa 9 aji B, 10 zuwa 15 aji C. Baba yana tsakiya: hantar ta raunana, amma tana aiki. Abin da nake so ka riƙe shi ne makin yana motsi. Na ga waɗanda suka lizimci tenofobir, maganin ƙwayar cutar hanta nau'in B, suka bar jiƙo, suka rage gishiri, bayan watanni suka koma aji A.

Ma'aikaciyar jinya daga Ringim ta ƙara da cewa:

Malam, ka lura da abin da likita ya faɗa, cewa biyu daga cikin biyar ɗin da ido ake gane su, kuma ku mutanen gida ne za ku riga kowa gani. Idan Baba ya fara barci da rana yana kwana ido biyu, ko ya riƙa rikicewa a raka'o'in sallar da ya saba, ko hannunsa yana kaɗawa in ya miƙe shi, kada ku ce tsufa ne ko iska. Dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ku riƙa auna cikinsa da igiya a saitin cibiya duk mako. Dunƙulen miya ma gishiri ne, a gaya wa Inna. Aman jini ko baƙin bahaya kuwa ba a jira wayewar gari da su.

Ɗan Jahun ya sake tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Wani ƙanena da ke karatu a Kano ya ce akwai wani ma'auni mai suna MELD wanda ya fi wannan. Shin mu nemi a yi masa shi?

Likita daga Wudil ya amsa:

Ba sabon gwaji ba ne, lissafi ne da ake yi daga sakamakon jini: bilirubin, INR da kiretinin mai nuna aikin ƙoda, daga baya aka ƙara sodiyum. Makinsa daga 6 zuwa 40 ne. An samar da shi a asibitin Mayo na Amurka, kuma tun 2002 ƙasar take amfani da shi wajen tsara wanda za a fara yi wa dashen hanta, saboda lambobi ne zalla, ra'ayin likita ba ya shiga ciki. A ganina, ga majinyaci irin Baba wanda ba layin dashe yake bi ba, Child-Pugh ya fi amfani a kullum, don shi ake dubawa kafin tiyata da kuma wajen rage yawan wasu magunguna. Amma darasin MELD yana da muhimmanci: ƙoda tana bin hanta in ta raunana. Saboda haka ka tabbata an auna masa kiretinin, musamman idan yana shan maganin rage ruwa, kuma kada a saya masa diklofenak ko ibufurofen a kemis don ciwon jiki.

Ɗan Jahun ya rubuta:

Na duba takardar, babu kiretinin a ciki. Ranar Talata za mu koma asibiti, zan roƙi a auna shi, in sha Allah, kuma zan tafi da ƙannena biyu a gwada jininsu ko su ma suna ɗauke da ƙwayar cutar.