Fesa wa wilin mota fentin roba mai ɓarewa a gida

Mai Corolla: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wilin aloi ne, wato na alminiyum, inci 16, fentinsa ya koɗe, ana so a mayar da shi baƙi da fentin robar nan na gwangwani, Plasti Dip. Gwangwani nawa zai ci, kuma da me ake farawa?

Oga Fenti: Wa alaikumus salam Malam. A inci 16 ka lissafa gwangwani ɗaya kan kowane wili, irin mai giram 311, ka ƙara na biyar saboda gyara. Kada a yi tsimi a nan. Abin da ke sa robar ta ɓare salin alin daga baya shi ne kaurinta. Wanda ya fesa hawa biyu, wato shafi biyu, ya ga ya yi baƙi ya tsaya, ranar cirewa sai ya yi ta tsinka da farce ƙanana ƙanana. Hawa 5 ne mafi ƙaranci, 6 ya fi.

Bakanike: Kafin maganar fesawa, wanki. A wanke da sabulun wanke kwanuka da buroshi, har cikin ramin noti da bayan ƙafafun wilin, wato sandunan da suka taso daga tsakiyarsa zuwa baki, domin can ƙurar birki ke maƙalewa. A bar shi ya bushe sarai, ruwan da ya ɓuya a gefen taya shi ke tsiyayowa ya ɓata aiki. Sannan a goge da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Bayan nan kada hannu ya ƙara taɓa fuskar wilin. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa robar ta ɗaga a wurin.

Mai Corolla: Sai an goga sanfefa?

Oga Fenti: A'a, ba a kankare fentin asali, ai shi ake son karewa. Sai dai inda wilin ya gogi kwalbati ya yi kaushi. Robar ba ta cike rami, duk abin da ke ƙasa za a gan shi. Wannan wurin kaɗai za a lallaɓa da sanfefa lamba 320, a bi da 600. In ramin ya yi zurfi, fanel bita ya sa masa fila, wato abin cike rami, tukuna.

Mai Faci: Wasu na yi wilin yana jikin mota, su cusa baƙar leda ta tsakanin ƙafafun su rufe faifan birki. Yana yiwuwa, amma ni shawarata a cire. A kwance a ƙasa fentin bai cika zarara ba, kuma ana samun kowane lungu. A sassauta notuna tun motar na ƙasa, a ɗaga, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada a bar ta kan jak kaɗai.

Bakanike: Haka ne Mai Faci. In an cire, wuri biyu kada fenti ya taɓa: bayan wilin inda yake haɗuwa da hob, wato ƙarfen motar da wilin ke zama a kai, da mazaunin noti. Roba a tsakanin ƙarfe da ƙarfe tana lotsawa da zafi, noti ya saki a hanya. A toshe ramukan da takarda ko tef. Wurin ɗaure notuna a bi a gicciye, ƙarfin ɗaurin na Corolla 103 Nm ne a sifana mai awo, a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Mai Faci: Rufe taya kuma, karta ko yankakken kwali ake jerawa tsakanin bakin wili da taya, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa. Bawul a naɗe shi da tef. Akwai masu shafa man ƙyallin taya don abin da ya fantsama ya ɓare da sauƙi, to a yi hattara, yana da silikon. Ɗigo ɗaya ya taɓa wilin, fentin zai guje wa wurin ya bar ƙananan idanu. In za a shafa, da soso, kafin a goge da sifirit.

Oga Fenti: Yanzu fesawa. A girgiza gwangwani minti ɗaya cur bayan an fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Tazara kamar santimita 20. A danna kafin a kai kan wilin, a saki bayan an wuce, hannu na tafiya ba tsayawa. Hawan farko sama sama, a riƙa hango launin asali ta ciki, shi ne zai riƙe sauran. Daga na biyu a jiƙa shi sosai har ya yi sheƙi, amma a tsaya kafin ya fara gudu. Tsakanin hawa da hawa minti 20 zuwa 30. Kowane hawa a canja wurin tsayuwa a zagaya wilin, in ba haka ba gefen ƙafafun zai fito da siririn fenti, kuma daga nan yagewa ke farawa. An gama hawa, a kifa gwangwani a danna daƙiƙa biyu uku don bakin kada ya toshe.

Mai Corolla: Na ga wasu nasu ya fito da kaushi kamar yashi. Me ke jawo shi?

Oga Fenti: Fentin ya bushe a iska kafin ya sauka. Ko an yi nisa da yawa, ko wilin ya ɗauki zafi. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wilin da ya sha rana ba ya fesuwa. A yi da sassafe, a inuwa. Da hunturu matsalar biyu ce, ƙura da sanyin gwangwani. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, gwangwanin a tsoma shi a ruwan ɗumi minti 10, ɗumi kawai, kada a kusantar da shi wuta. Da damina a guji ranar da hadari ya haɗu, danshi na sa shi dusashewa. Idan kaushin ya riga ya faru, hawa ɗaya ko biyu masu jiƙa daga kusa sukan kwantar da shi.

Bakanike: Wurin ya zama iska na ratsawa, a sa takunkumi mai tace tururi, ba sigari, ba janareta kusa. Tururinsa na kama wuta.

Mai Faci: A zare kartar da tef da zarar an gama hawan ƙarshe, tun yana ɗanye. In ya bushe zai jawo robar daga baki. Awa 4 aƙalla kafin a taɓa, amma a bar shi ya kwana kafin a hau titi. Wanki sai bayan mako. Fetur, kananzir da tina duk suna narkar da shi, a faɗa wa masu wankin mota, kuma kada su kafa bakin injin ruwa a gefen wilin. In tayoyin sun kusa canji, a canja tukuna, ƙarfen cire taya ba zai bar bakin robar ba.

Mai Corolla: Allah ya saka da alheri. In an tashi cirewa fa?

Oga Fenti: Amin. A ɗaga gefe da farce a ja a hankali. Inda ya yi siriri ya ƙi, a ƙara masa hawa biyu ko uku masu kauri, ya bushe, a ja su tare. Ragowar cikin lungu a fesa WD-40, man gwangwanin nan na sassauta tsatsa, a jira minti 5, a goge da tsumma, a wanke da sabulu.