Su wa ke ba da jini a cikinmu? Mazauna Saudiyya, kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Sadiya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da wuya mako ya wuce ba a turo mana saƙon neman jini ba: mai haihuwa, ko wanda mota ta buge, ko yaro mai sikila. Abin da na lura, masu amsa kiran ba sa canzawa, su ɗin ne dai kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa masu ba da jini gida uku: masu bayarwa don Allah ba su san wanda za a ƙara wa ba, masu bayarwa saboda ɗan'uwa ko aboki yana kwance, da masu bayarwa a biya su. A ganina mu Hausawan ƙasar nan kusan duk a gida na biyu muke, kuma abin yana damuna. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mana su wa ya tarar a layi. Wanda aka mayar, ko bai je ba, ya faɗi dalili.

Ɗan Hindawiyya, Makka:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ma a gida na biyun nake. Matar maƙwabcinmu ce aka yi wa aiki aka ciro ɗa, jini ya ɓalle mata. Asibiti suka ƙara mata daga wanda ke ajiye, suka ce mijin ya kawo mutane su mayar. Bayan isha'i ya bi mu gida-gida. Waɗanda suka cika motar: direbobi biyu, wani mai ɗinki, wani yaro mai aikin gini da ko wanka bai samu ya yi ba, siminti a gashinsa, sai ni. Duk 'yan ashirin da wani abu zuwa arba'in. Manyanmu masu hali kuwa kuɗi suka aiko, Allah ya saka musu, sai dai a daren nan ba kuɗi ake nema ba.

A ɗakin jira mun tarar da samarin Saudiyya, wasu da kakin soja, da wani ɗan Sudan da ma'aikatan ke kiransa da sunansa saboda yawan zuwa. Shi ba shi da kowa a kwance. Mace ko ɗaya ban gani ba.

Maman Yusra, Madina:
Ƙanina, rashin ganinmu ba ƙi ba ne duka. Na je da ƙafata, da yardar maigidana, aka soki yatsata aka auna, suka ce jinina bai kai ba. Sai ma'aunin ƙarfin jini (haemoglobin) ya kai 12.5 suke karɓar na mace. Ma'aikaciyar ta ce haka take mayar da mata da yawa: ga al'ada, ga haihuwa a kai a kai, ga shayarwa, kuma mai ciki ba a karɓa sam. Ta ce in riƙa cin hanta da ganye, in daina shan shayi a kan abinci. Amma akwai masu ƙin saboda tsoro. Wata ƙawata ta rantse min wai idan mace ta ba da jini ba ya dawowa har ta mutu. Daga uwarta ta ji, ita ma daga tata uwar.

Almajirin Madina:
Mu ɗaliban Jami'ar Musulunci lafiya da ƙuruciya ba su ne matsalarmu ba, hutu ne. Na dawo daga Katsina ba da daɗewa ba na je, takardar tambayoyi ta tambayi ko na yi tafiya, ko na yi zazzaɓin cizon sauro. Na faɗi gaskiya, suka rubuta min lokacin da zan dawo. Kafin lokacin ya cika wani hutun ya zo. Haka abin yake ga mafi yawan ɗaliban Afirka ta Yamma. Don Allah kada wani ya ɓoye wannan don a karɓi nasa, mara lafiya zai cutar.

Game da azumi kuma, malaman nan da dama suna ƙiyasta ba da jini da ƙaho, shi ya sa ake barinsa sai bayan buɗa-baki.

Baba Mai Tasbaha, Makka:
'Ya'yana, ku faɗi ɗayan dalilin da kowa ya sani. Ba a ɗaukar jinin mutum sai ya nuna igama (takardar izinin zama) ko katin ɗan ƙasa. A unguwanninmu akwai majiya ƙarfi da aka haifa a nan, takardarsu ta mutu ko ba su da ita. Na ga saurayi tsaye a bakin ƙofar asibiti, ƙanwarsa na ciki, ya kasa shiga. Wannan ba rowa ba ce. Ni kuma shekaruna sun haura 65, an ce na wuce. Saboda haka nauyin yana kan ku masu takarda da ƙuruciya, ku kuwa ba ku da yawa.

Ummu Hanif, Riyad:
Baba ya yi gaskiya. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, bari in ɗan tsawaita.

Abin da Maman Yusra ta gani ba a nan kaɗai ba ne. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 33 cikin 100 ne kawai na jinin da ake bayarwa a duniya ke fitowa daga mata, a nan kuwa abin da idona ke gani bai kai haka ba. Zancen jini ba ya dawowa ba gaskiya ba ne. Leda ɗaya mililita 450 ce, babban mutum kuwa yana ɗauke da wajen lita 5. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin cikin makonni. Sharaɗin nauyi kilo 50 ne.

Illar jiran sai naka ya kwanta ita ce jini ba ya daɗewa a ajiye. Jajayen ƙwayoyi kwana 42 suke yi a firiji, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa kwana 5 kacal. Wanda aka ɗiba yau ma sai an gwada shi, an tabbatar ba ciwon hanta ko ƙanjamau, kafin a ƙara wa wani. Matar maƙwabcin Ɗan Hindawiyya jinin wani baƙo ne ya cece ta, wanda ya zo tun kafin a san za ta buƙata.

Ga abin da ya fi shafarmu. Bayan A, B, AB da O, akwai wasu ƙananan alamomi a jikin jajayen ƙwayoyi, kuma gadonsu ake yi. Misali akwai wadda ake kira Duffy, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita. Wanda za a ƙara wa jini sau ɗaya ba lallai wannan ya dame shi ba. Mai sikila da ake ƙara wa a kai a kai kuwa, jikinsa yakan fara yaƙar alamomin da ba nasa ba, har samun ledar da ta dace da shi ya zama aiki. An fi samun dacewar a jinin waɗanda asalinsu ɗaya da shi. Sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, tana da yawa a Ahsa da Ƙaɗif da Jizan, shi ya sa tun 2004 aka wajabta wa 'yan ƙasa gwaji kafin aure. Amma ɗan Bahaushe mai sikila, jinin Bahaushe ya fi kusa da nasa.

Maman Abba, Jidda:
Anti, kamar ɗana kike ba da labari. Shekararsa tara. A da, da mun je ake rataya masa leda. Yanzu sai mu kwana muna jira ana neman wadda jikinsa zai karɓa, shi kuma yana riƙe da hannun rigata, idonsa ya yi rawaya, leɓensa fari fat. Dangin babansa sun bayar har na fara jin nauyin kiransu. Ban taɓa sanin asalin mai bayarwa yana da tasiri ba sai yau.

Baban Sadiya, Jidda:
Allah ya ba Abba lafiya, Hajiya. Abin da na tsinta a maganganunku: masu ɗaukar nauyin nan samari ne masu aikin ƙarfi, kuma sai an buga musu ƙofa. Ma'aikatan ofis da 'yan kasuwarmu masu igama, waɗanda ba sa yawan zuwa gida, su ne ban ji ɗuriyarsu ba, alhali su suka fi cika sharuɗɗan. Akwai manhajar Wateen da ke nuna bankin jini mafi kusa da kai. Gwamnati ma tana ba da lambar yabo ga wanda ya bayar sau 10, ɗan ƙasa ne ko mazauni. Mu na Jidda, wa zai zo mu je ranar Asabar bayan la'asar, ba tare da muna da kowa a kwance ba?

Ɗan Hindawiyya, Makka:
Yaya, sa sunana, zan shigo Jidda da mai ɗinkin nan. Wata huɗu ke nan da muka bayar, ina fatan za su karɓa.

Ummu Hanif, Riyad:
Za su karɓa in sha Allahu. Ku ci abinci, ku sha ruwa sosai kafin ku fita, kowa ya riƙe igamarsa. Maman Yusra, ki koma a sake auna ki bayan wata uku, ki tafi da ƙawar nan taki ta gani da idonta.