Kwalejin da Mama ta yi ta rufe, ina za mu samo takardarta?

Ɗan Barnawa: Jama'a ku ba ni shawara. Mahaifiyata ta yi Grade II, wato karatun shaidar malanta, a wata kwalejin horar da malamai da coci ta kafa. An daɗe da rufe ta, filin ma an yanka fulotai. Ambaliya ta ci takardar shaidarta, ga tantance 'yan fansho ya matso. Wani ya ce in ba shi dubu 40 ya fito mana da wata. In biya, ko in bi ta ofishin cocin?

Sarkin Yawo: Ka je WAEC kawai, an gama.

Ɗan Barnawa: Grade II fa na ce, yaya, ba sakandare ba.

Uwar Biyu: Ƙanina, kada ka ba kowa sisi. Haka aka yi wa maigidana, Allah ya jiƙansa. Coci suka ce fayil yana wurin gwamnati, can kuma aka nuna mana wani sito, gara ta cinye takardun har sun koma ƙasa, sai igiyoyin da aka ɗaure su. Ɗan kamasho ya karɓi dubu 70, ya kawo takarda tawadar hatimin ko bushewa ba ta yi ba. A teburin tantancewa aka kore shi gaban tsofaffin ɗalibansa. Bai ci kuɗin fanshon nan ba har ya rasu.

Baban Kakuri: Allah ya gafarta masa. Ɗana, fara gano ko rufe ta aka yi ko suna aka sauya. Farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan soja Abba Kyari a Jihar Arewa ta Tsakiya, gwamnati ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta nan Kakuri ta koma Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. In tata ta bi wannan hanya, rajistar na iya kasancewa hannun wadda ta gaje ta. Ka leƙa NTI ma, wato Cibiyar Malamai ta Ƙasa, hedikwatarsu tana nan Kaduna.

Sarkin Yawo: Baba, an ce fulotai! Ko maigadin fili zai tambaya?

Baban Kakuri: Kai da ka tura shi WAEC? Shekara 35 na riƙe alli.

Hajjo Kawo: Ka yi rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda cewa takardar ta ɓace, ni dubu 3 na kashe.

Uwar Biyu: Dubu 3 a wace shekara? Mu dubu 12 muka biya, kuma aka ƙi karɓa.

Hajjo Kawo: Ni abin da ke ci mini rai, me ya sa ake tara tsofaffi a rana tun asuba? Kakata a keken guragu muka kai ta, aka ce intanet ya ɗauke, a dawo Litinin.

Sarkin Yawo: Namu tsohon cewa aka yi babban yatsansa ba ya hawa na'ura.

Ɗan Barnawa: To, in biya mutumin ne ko a'a?

Hajjo Kawo: Sarkin Yawo, ku shafa wa tsohon naku man kaɗanya a yatsan, yana hawa.